Ranar da Aka Auna Zuciyar Tanimu Maiganga

A ƙasar Guna, ba nisa da birnin Damagaram, wato Zandar, in aka ce gobe akwai gayya, samari ba sa fara tambayar ko furar za ta yi yawa. Makaɗi suke tambaya. In aka ce Tanimu ne, sai kowa ya koma gida ya duba ƙotar hauyarsa, don ya san gobe ba ranar wasa ba ce.

Tanimu gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ranar Litinin aka haife shi, shi ya sa aka sa masa wannan suna. Mahaifinsa Gambo makaɗin noma ne, kakansa ma haka, saboda haka ba wanda ya tambaye shi sana'ar da yake so. Gangar gidan ma gadonta aka yi, fata kawai ake sakewa. Abin da ya fi kakanninsa da shi kuwa kunne ne. Yana zaune a zaure zai ji mata biyu na lugude a bayan katanga, ya ce mai taɓarya ta biyu ta gaji ko kuwa ranta a ɓace yake, kuma in aka leƙa sai a tarar haka ne. Matarsa Shatu takan ce auren mai irin wannan kunne wahala ne, ko tankaɗe kake yi sai ya gyara maka.

Akwai abu ɗaya da duk Guna ta sani, ba kuma a tada zancensa a gabansa. Makaɗan gidansu suna da wani take da ake ce wa Kai-gaci, wanda ake bugawa in gayya ta doshi ƙarshen gona, lokacin da hannu ya mutu, gwiwa ta yi sanyi. Da shi ake zabura manoma su gama saura. Tanimu yana da shekara goma sha tara, yana biye da mahaifinsa a wata gona, Gambo ya ɗauko Kai-gaci, ya kai tsakiya, sai sandar kiɗan ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa a kan gangar. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Tun daga ranar Tanimu bai sake buga wannan take ba. Ya ƙirƙiro wani abu nasa da yake rufe gayya da shi, mutane suka karɓa don sun san dalili, amma tsofaffi sun san ba ɗaya ba ne.

Haka ya yi shekara ashirin da biyar yana cin kasuwarsa. Da damina gona, da rani kokawa da biki da aikin rufin soro. An san shi har Gafati.

Bayan kakar 1959, wata rana da azahar ya kishingiɗa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, kunnensa a kan damtsensa, sai ya ji kiɗan da bai yi daidai ba. A ƙirjinsa ne. Zuciyar na tafiya lafiya lau, sai bugu ɗaya ya yi azarɓaɓi ya riga lokacinsa, sannan a yi shiru kamar makaɗin ya ji kunya, sannan na gaba ya zo da ƙarfi don ramuwa. Wani zai ce faɗuwar gaba ce, ya yi a'uziyya ya juya kwanciya. Tanimu ba wani ba ne. Ya kasa kunne ya ƙirga, ya ji abin na dawowa bayan bugu goma sha biyu, wani lokaci ashirin. Sai ya tuna cewa bana shekarunsa suka kai na Gambo ranar da ya faɗi.

Tsoro ya kama shi, irin wanda ba a iya gaya wa kowa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Washegari ya rataye gangar a ɗakin ajiya, ya ce ba ya jin daɗin jikinsa. Aka zo gayyatarsa kokawa, ya ƙi. Aka zo biki, ya ƙi. Ya daina zuwa rijiya, ya daina tafiya da sauri, masallaci ma da ke nan kusa sai ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Lissafinsa shi ne zuciyar da ke tuntuɓe tana zaune, in aka sa ta gudu ai faɗuwa za ta yi.

Labari ya bazu cewa Tanimu ba lafiya. To, mutumin da ya yi wa kowa kiɗa, ba wanda zai ƙi zuwa duba shi. Kuma a ƙasar nan ba a zuwa wurin makaɗi hannu rabbana, goro ne ladansa tun kaka da kakanni, da shi ake gayyatarsa, da shi ake sallamarsa. Sai ga mutane daga kowane ƙauye, wannan da biyar, wancan da goma a ganye. Mai ziyara kuwa ba ya tashi sai an fasa goronsa a gabansa an ci, in ba haka ba ya ce an raina shi. Tanimu na zaune bisa tabarma daga hantsi har la'asar, yana amsa sannu, yana tauna. Abinci bai dame shi ba. Bugun nan mai azarɓaɓi da ke zuwa bayan goma sha biyu ya koma bayan bakwai, ya koma bayan huɗu.

Shatu ta yi iya yinta. An sha rubutu, an sha saiwa, an yi hayaƙi. Da bazara ta kama, ya rame har wuyansa ya fito, ta same shi da magana.

"Maigida, mu tafi Zandar wajen Suma'ila. Kwana biyu kawai."

"Me Suma'ila ya sani ban da ɗaure gyambo?"

"Ko gyambon ne ai ya san wani abu. Mu nan me muka sani?"

Suma'ila ɗan Gwaggo Inno ne, ƙanwar Gambo, wato taubashinsa. Ya yi sojan Faransa, can ya koyi aikin jinya, da ya dawo aka ɗauke shi anfirme, wato ma'aikacin jinya, a gidan likita na birni. Tun suna yara kowannensu ke kiran ɗan'uwansa bawa, har suka yi furfura ba a raba gardamar ba.

Tanimu ya yarda da tafiyar, amma ba don magani ba. 'Ya'yansa duk mata ne, kuma ba ya son ganga ta kwana uku a gidan makoki ba mai ita. Akwai wani makaɗi a unguwar Zango can birni, Ali, wanda ya yi koyo a hannun Gambo. Ya ƙudura in sun fito daga likita zai kai masa ita da hannunsa. Ya sauke ta ya share mata ƙura, ya naɗe ta da tsohon zane. Shatu ta ga abin da yake yi, ta gane, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Suka sami kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, aka rage musu hanya.

A Zango suka sauka, gidan Suma'ila, inda Gwaggo Inno ke zaune. Suma'ila ya dube shi sama da ƙasa.

"Bawana, wa ya ba ka izinin mutuwa ban sallame ka ba?"

Tanimu bai rama ba. Wannan ne ya sa Suma'ila ya daina dariya, ya kama wuyan hannunsa ya yi shiru yana saurare. Da ya saki sai ya ce akwai sabon lokotoro, wato babban likita, wani Bature siriri, da ya zo da wani mashin mai rubuta maganar zuciya a takarda, kuma gobe da safe za su je.

Da safe suka tafi su huɗu, don Gwaggo Inno ba ta jira an gayyace ta ba. Tanimu ya saɓa gangarsa a naɗe, tunda daga can gidan Ali zai wuce.

Na'urar wani akwati ne da bai kai akwatin lefe ba, da wayoyi na fita daga cikinsa. Aka sa shi ya tuɓe riga, ya cire layu da zobensa na azurfa, ya kwanta a gadon ƙarfe. Suma'ila ya shafa masa wani abu mai gishiri-gishiri a wuyan hannu biyu da idon sawu biyu, ya ɗaura ƙananan farantai na ƙarfe da roba, ya manna wani a ƙirji. Tanimu ya ga waya ta fita daga akwatin ta shiga bango.

"Kai, wutar kuran za ku sa mini?"

"Ba abin da zai shiga jikinka. Lokotoro ya ce zuciya tana da 'yar wutarta, ita ke ba ta umarnin kowane bugu. Mashin ɗin saurare kawai yake yi."

"Wayar can fa? Ba Yamai take kai labari ba?"

"Su gwamna suna da aikin da ya fi jin ƙirjinka. Kwanta, kada ka motsa."

Allura ta fara rawa, wata siririyar takarda ta riƙa fitowa da zane a kanta, tsini bayan tsini. Tanimu ba ya ganin takardar, silin yake kallo. Amma yatsansa da ke gefen gado bai iya haƙuri ba, ya fara bin bugun a kan ƙarfe. Ɗaya, biyu, uku, sai ya yi saurin nan, ya tsaya, ya rama da ƙarfi. Suma'ila ya buɗe baki zai tsawata masa, lokotoro ya ɗaga hannu ya hana. Yana duban takarda, yana duban yatsa. Duk inda yatsan ya yi azarɓaɓi, nan allura ta zana wani ƙaton tsini mai faɗi, karkatacce, da fili a bayansa. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba.

Baturen ya yi wata magana yana murmushi. Suma'ila ya ce, "Wai da ya san kana nan, da bai wahalar da kansa ya ɗauko mashin daga Faransa ba."

Tanimu bai ga abin dariya ba. Ga shi dai akwatin Nasara ma ya shaida, ba ruɗu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai tambayoyi. Ya taɓa suma? A'a. Ƙirji na ciwo in ya yi aiki? Bai sani ba, rabonsa da aiki wata bakwai. Ƙafa na kumbura? Lokotoro ya danna ƙaurinsa da yatsa, bai lotsa ba. Ya ɗora abin saurare a ƙirji da baya, ya daɗe. Sannan ya tambaya ko a gidansu an taɓa yin mutuwar fuju'a.

"Babana," in ji Tanimu. "Lafiyarsa ƙalau, yana cikin kiɗa ya faɗi."

"Lafiya ƙalau a gidan wa?"

Gwaggo Inno ce daga bakin ƙofa, inda aka ce ta tsaya. Ta shigo da sandarta.

"Shekara biyu Yaya Gambo ƙafafunsa na kumbure kamar turmi. Me kake zaton ya sa ya koma sa buje har ƙasa? Ba ya iya kwanciya, a jingine yake barci, in ya yi tari kumfa ke fita. Ni ke dafa masa magani a ɓoye. Ya sa na rantse kada in faɗa, wai ba mai kai goro gidan makaɗin da ƙafa ta kumbura. Ranar nan har zanensa na riƙe na ce kada ya fita."

"Gwaggo, shekara ashirin da biyar ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kai ka rufe bakinka, ni na rufe nawa. Da na san abin da kake ɗauke da shi ke nan, da na karya rantsuwar na yi kaffara tun tuni." Ta matso kusa da shi. "Ka yafe mini, ɗan nan."

Haushi ya taso masa, tausayinta kuma ya danne shi, ya rasa wanda zai bi. Ya kawar da kai.

Da aka fassara, lokotoro ya gyaɗa kai ya ce wancan ciwo dabam ne, zuciya ce da ta riga ta gaji. Amma bai gama ba. Ya jawo wani akwatin katako mai matakala biyu, ya ce Tanimu ya yi ta hawa yana sauka har ya yi haki, sannan a sake aunawa, don yana son ya ga abin da bugun ke yi in zuciya ta ɗauki kaya.

Tanimu ya dubi katakon. Abin da ya yi wata bakwai yana gudu ke nan.

"Ba zan hau ba."

"Bawana, tsani biyu ne fa. Kaza ma tana hawa."

"In mutuwa zan yi, ba zan mutu ina hawa akwatin Nasara kamar biri ba. Me za a gaya wa 'ya'yana?" Idonsa ya sauka a kan ƙunshin da ke jingine a lungu. "In lallai sai na yi haki, a ba ni gangata."

Shatu ta ce, "Maigida." Lokotoro ya nemi a gaya masa abin da ake ciki, ya ɗaga kafaɗa ya ce haki dai haki ne.

A gindin wata bishiya da ke tsakar gidan likita Tanimu ya rataya gangar a kafaɗa. Bugun farko ya fito a raunane, shi kansa ya ji kunyarsa. Ya gyara tsayuwa. Makaɗin noma ba ya kiɗa a tsaye wuri ɗaya, da baya yake tafiya yana fuskantar manoma, sai ya fara ja da baya yana kewaya bishiyar. Hannun ya tuna abin da ya sani. Masu jinya suka fara leƙowa, wani tsoho mai ɗaurarriyar ƙafa ya ɗaga sandarsa yana yi kamar yana noma. Gumi ya karyo. Tanimu yana kiɗa yana jiran sandar ta suɓuce, yana karanta kalmar shahada a ransa. Ba ta suɓuce ba. Can Suma'ila ya fizgo shi, aka kwantar da shi yana huci, aka mayar da wayoyi.

Wannan karon yatsan bai sami abin kamawa ba. Zuciyar na gudu, amma gudu ne na daidai, ba mai riga wani. Lokotoro ya yanko takardar ya shimfiɗa ta kusa da ta farko a gaban idonsa. Tanimu bai san boko ba, amma ya san aikin manomin kirki in ya gani, tsini bayan tsini, tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Sai da numfashinsa ya kwanta sosai sannan karkataccen nan ya sake leƙowa, sau ɗaya.

Suma'ila ya fassara a hankali, ba wasa a muryarsa. Irin wannan bugu, in ji lokotoro, mutane da yawa suna da shi, ba su da kunnen jinsa ne kawai. Wanda ake tsoro shi ne wanda ke ƙaruwa in an yi aiki, ko ya zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko kumburi. Nasa kuwa guduwa yake in aiki ya zo. Bai ce Tanimu ba zai mutu ba, wannan ba a takardarsa yake ba. In ya ga ɗaya daga alamun can, ya dawo a ranar. Amma yau bai ga dalilin rataye ganga ba.

Sannan ya dubi jajayen haƙoran Tanimu, ya tambaya goro nawa yake ci a yini.

"Biyu," in ji Tanimu.

"Da can ne biyu," in ji Shatu. "Tun da ya kwanta, in bai ci ba ya ci goma sha biyar. Kowa ya zo sannu sai an fasa nasa."

Baturen ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ya ce goro bulala ne ga zuciya, ɗaya da safe ya isa. Suma'ila ya zauna a bakin gado ya yi ta dariya har da hawaye.

"Ashe mutanen Guna ne suka taru za su kashe mini bawa da alheri."

Garin gyaran gira dai an kusa rasa ido. Tanimu ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa wanda ya girmi wata bakwai ɗin nan nesa ba kusa ba. Ya ji daɗi har jikinsa ya mutu, ya kuma ji yunwa, irin wadda ya manta da ita. Ya ce wa taubashinsa, "Bawa, tashi ka nemo wa ubangijinka tuwo." Ali na Zango bai taɓa sanin an kusa kawo masa ganga ba.

Da suka koma gida, labarin samun sauƙi ya bazu, mutane suka sake cika ƙofar gida don barka, kowa da goronsa. Shatu ce ta tsaya a zaure da faifai tana karɓa, tana fasa ɗaya ta raba wa baƙin, ta ce lokotoro ya hana. Wasu sun ji haushi. Bugun ya koma jefi-jefi, bai tafi gaba ɗaya ba, kuma bai taɓa tafiya ba har tsufansa. In ya ji shi yana kishingiɗe sai ya ce, "Kai ne? Sannu da zuwa," ya ci gaba da barcinsa. Takardun biyu kuwa baduku ya ɗinke masa su cikin jar fata, ya rataya a jikin gangar.

Damina ta sauka. A farkon watan Agusta aka aiko ana neman makaɗa su hallara a birni, wai ƙasa ta karɓi mulkin kanta. Tanimu ya ce a gaishe su, shi ya riga ya karɓi goron Mutari sarkin noma, kuma ciyawa ba ta san an sami mulki ba.

Samari arba'in suka jeru a gonar geron Mutari. Gwaggo Inno ta sa an kawo ta daga Zango a kan jaki, tana zaune cikin mata masu dama fura. Aka yi ta yi har rana ta karkata. Da aka doshi ƙarshen gona, hauyoyi suka fara nauyi, kowa na jiran ɗan kiɗan da aka saba rufewa da shi. Tanimu ya tsaya cak, ya taɓa jar layar nan, ya ɗauko Kai-gaci.

Samarin ba su san shi ba, amma ƙafafunsu sun gane. Tsofaffin da ke inuwa suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso tsakiya, daidai inda sandar Gambo ta faɗi, Gwaggo Inno ta rufe fuskarta da mayafi, Shatu ta saki ludayi cikin ƙwarya. Tsoron ya zo masa, bai ɓoye wa kansa ba. Ya saurari ƙirjinsa, ya ji ana tafiya daidai, sai ya wuce wurin. Sauran taken bai taɓa buga shi a gona ba, a zaure kawai mahaifinsa ya koya masa a kan ƙwarya, amma ko bugu ɗaya bai ɓace ba. Hauya ta ƙarshe da bugun ƙarshe suka sauka tare.

Ya sauke gangar ya nufi inda gwaggonsa take, yana haki, gumi na zuba. Ta buɗe fuska ta dube shi.

"Haka yake ƙarewa, Gwaggo?"

"Haka yake ƙarewa," in ji ta. "Zauna ka sha fura."